Bayan Wanka, In Ji Mai Kemis

Gawayi nake sayarwa a Nasarawa ta Kaduna. Sunana Asabe, amma a unguwa Mama Gawayi ake ce mini. Ban yi makaranta ba. Rahila, matar ɗana, ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta ƙara gishiri, kada ta rage. Matan zumunta ne suka ce in tashi in ba da shaida a coci. Na ce ba zan iya tsayuwa gaban mutane ba. A rubuta, a karanta musu, duk mai ƙaramin yaro ta ji.

Maganar a kan jikata ce, Godiya.

Ubanta Bulus shi ne kaɗai ɗana namiji. Ya tafi gona a ƙauyenmu bai dawo ba. Mun same shi, mun binne shi. Gidan ma bai tsira ba, wuta ta cinye shi har da hotunansa. Rahila na da ciki a lokacin. Na kamo hannunta muka zo Kaduna da kayan jikinmu. A nan aka haifi yarinyar. Baƙa ce wuluk, mai doguwar fuska, da ɗan rami a tsakiyar haɓa. Bulus sak. In na so ganin ɗana, haɓar yarinyar nan nake dubawa. Ba ni da wani hoto sai ita.

Rahila tana wanke-wanke a wani gidan abinci a Romi, tun safe sai yamma. Ni ke riƙon Godiya a rumfar gawayi.

Ta shekara da 'yan watanni, ta fara tafiya ke nan, sai ƙaiƙayi ya zo. Ya fara daga kumatu, ya sauka lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Fatar ta bushe, ta yi kaushi, tana zubar da fari-fari. Tana susa har jini. Ba ta barci, mu ma ba ma yi. In na sa mata safa a hannu, sai ta goga fuska a tabarma.

Duk wanda ya zo sayen gawayi sai ya bar mini magani. Wata ta ce ƙazuwa ce. Wata ta ce kirci ne, a dafa ganyen dogon yaro a yi mata wanka. Wata ta ce nonon uwar ne ya yi zafi, a yaye ta. Wani tsoho ya ce baƙin man mota. Shi ban amsa masa ba. Na dafa dogon yaro, na canza sabulu, na shafa man shanu. Ba abin da ya ragu.

A mako na uku na rufe rumfa na kai ta asibitin unguwa. Na yanki kati, na zauna a benci tun safe har rana ta take. Da layi ya kusa zuwa kaina, nas ta leƙo ta ce mai duba yara ya tafi taro, a dawo jibi. Na dawo jibi. Aka ce ranar awon masu ciki ce. Na goya yarinyata na fito. Ban koma ba.

A kan kwanarmu akwai kemis. Mai shi saurayi ne mai fara'a, kowa Dokta yake ce masa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba shi kaɗai ba ne, kowace kwana akwai irinsa. Ya dubi kumatun Godiya daga bayan kantar shagonsa, bai ko taɓa ta ba.

"Haba Mama, wannan ne ya hana ku barci? Ƙaramin abu ne. Ga uku-a-ɗaya. Ƙaiƙayi, ƙuraje, makero, duk yana kashewa."

Ya miƙo mini ɗan kwali. A ciki akwai abin matsawa irin na man goge baki.

"Wannan ɗan abin zai ishe ta?"

"Ki samo man kaɗanya, ki matse shi duka a ciki, ki juya. Ya fi auki. Duk matan unguwar nan haka suke yi."

"Sau nawa zan shafa?"

Rahila, rubuta wannan da kyau: na tambaya.

Yana ba wani canji, ya ce, "Bayan wanka dai, Mama."

"Bayan wanka."

"Shi ke nan. Ki zo ki ba ni labari."

A wurinmu mai mai ne. In an ce a shafa wa yaro mai bayan wanka, ba ana nufin a ɗiga a wuri ɗaya ba. Yadda uwata ta yi mini, haka na yi wa Bulus. A zaunar da yaro a cinya, a murza mai a tafin hannu, a fara daga goshi. Fuska, bayan kunne, wuya, hammata, ciki, ɗuwawu, har tsakanin yatsun ƙafa. Yaron da aka bar masa wani wuri ya yi furu-furu, uwarsa za a zaga.

Wanka kuma, farkon bazara ne. Zafin garin nan kun san shi. Ga yarinya tana wasa cikin garin gawayi. Rahila ta yi mata da sassafe kafin ta fita. Ni in yi mata da hantsi in ta ɓata jiki. In sake da rana tsaka in zufa ta dame ta. Da la'asar in wanke mata baƙin gawayi. Uwar ta dawo ta sake kafin su kwanta. Kowane wanka da mansa. A gama a rufe da famfas.

Ba zan yi ƙarya ba, ya yi aiki. Kafin Lahadi ta zagayo susa ta tsaya. Kumatu suka yi sumul. Na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Har gawayi na kai wa mai kemis kyauta.

Da robar haɗin ta ƙare muka tsaya. Ba a jima ba ƙaiƙayin ya dawo, ya fi na da. Na koma.

"Ai ba a tsayawa, Mama," in ji shi. "Sai ciwon ya mutu tukuna."

Na saya. Daga nan ya shiga cikin cefanen gida, kamar gishiri da sabulu.

Wajen Ista yarinya ta fara ƙiba. Kumatu suka ciko, wuya ya yi ninki. Ta kuma yi haske. Baƙar nan wuluk ta koma wankan tarwaɗa, daga nan ta wuce. Ranar Ista Rahila ta sa mata farar riga. Bayan an tashi sujada matan coci suka yi ta ƙwace ta hannu zuwa hannu.

"Mama Gawayi, wannan taku ce kuwa? Ko musanya aka yi muku a asibiti?"

"Dubi kumatu kamar buredi!"

"Oyibo, Baturiya! Me kuke ba ta? Ku faɗa mana, mu ma namu su yi kyau."

Rahila ta yi dariya. Tun rasuwar Bulus ban ga haƙoranta a waje haka ba. Marainiya, uwa mai wanke-wanke, kaka mai gawayi, ga ta ta fi 'ya'yan masu albashi kyau. Wa zai ce a tsaya?

Ni abu ɗaya na lura. Ramin haɓa ya ɓace. Na sa yatsa na laluba, nama ya cike shi. Na ce wa Rahila, "Yarinyar nan ta daina kama da ubanta."

Ta ce, "Mama, yara suna canzawa."

Na janye yatsana.

Da ruwan farko ya sauka abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Gashi ya tsiro mata a goshi har ya kusa haɗuwa da gira, wani a gadon baya. Cinyoyinta suka yi zane-zane jajaye irin na mai ciki. Fatar ta yi siriri, ana ganin jijiyoyi a ƙasa. In ta ɗan gogi benci sai ta yage. Maruru ya fito mata a ɗuwawu, ya fashe, wani ya fito. Harshenta ya yi fari kamar an zuba nono. Rigar Ista ta matse ta a ciki, amma tsawon yana nan inda yake. Ƙafafu suka zama sirara ƙarƙashin wannan jiki. Ta daina tafiya, ta koma zama. In na fito da ita rana sai ta runtse ido, na hagu yana zubar da ruwa.

Na nuna wa mai kemis marurun. Ya ce haƙori take fitarwa. Ya ba ni sirof, ya ƙara mini kwali.

Yayar Rahila, Lami, tana aure a Kakau, noma suke yi. Rabonta da yarinyar tun Kirsimeti. Ta zo mana da rogo. Ta tsaya a bakin ƙofa da kaya a ka.

"Wace ce wannan?"

"Godiya ce mana, Yaya," in ji Rahila.

"Godiyar Bulus? Me kuka yi mata?"

Ta sauke kaya, ta ɗauki robar man ta shinshina. Ta ga kwalin a taga.

"Wannan ai shi 'yan mata ke haɗawa su yi bilicin! Rahila, marainiya kike yi wa bilicin? Mijinki yana ƙasa, kina goge baƙinsa daga jikin 'yarsa? Ke kuma Mama, kina kallo?"

"Na ƙaiƙayi ne," na ce.

"Ƙaiƙayi a goshi? Ƙaiƙayi a tafin ƙafa?"

Rahila ta fashe da kuka. Lami ta fita da robar ta juye ta a masai. Ta ce daga yau ruwan magani kawai, za ta aiko da saiwa daga Kakau.

Rabin maganar Lami gaskiya ne. Rabin da ba ta sani ba shi ya kusa kai yarinyar kabari. Mu ma ba mu sani ba. Har sanyi na ji a raina da ta zubar.

Cikin 'yan kwanaki fatar ta tashi. Ba ƙaiƙayin da ba ne, wannan ƙuna ce. Daga fuska har ƙafa ta yi ja, ta kumbura, tana tsattsafo da ruwa, zani yana manne mata. Ko iska ta taɓa ta sai ihu. Muka yi ta wanka da saiwar Lami. Sai zazzaɓi ya shigo, sai amai. Rahila ta daina zuwa aiki. Sannan kukan ya tsaya.

Na haifi shida, na binne huɗu. Na san shirun da ba na barci ba ne.

Da safe ne. Na ɗaga hannunta, ya faɗi kamar tsumma. Ƙafafu sanyi ƙalau. Ido a buɗe rabi.

Malam Sule mai keke Napep, ɗan Makera, shi ke kawo mini buhunan gawayi. Yana cikin saukewa na fito da ita a hannu. Ya duba sau ɗaya.

"Innalillahi. Mama, ku shiga."

Ya ture sauran buhunan ƙasa. A kan gada motoci sun cushe. Ya bi ta gefe yana dukan jikin keken yana ihu, "Yarinya ce! Ku ba da hanya!" Da muka isa babban asibiti Rahila ta fara kwance bakin zani. Ya ce, "Ajiye, ƙanwata. Za ki buƙace shi a ciki." Ya yi gaskiya.

A ƙofa aka ce kati. A wajen kati aka ce layi. Na ce wa mai tagar, "Ɗana, in na bi layin nan, gawa za ka yankar wa kati." Ya ce kowa da uzurinsa. Wata nas mai jiki tana wucewa ta ga ƙafar yarinyar tana lilo. Ta fizge ta daga hannuna ta ruga da ita ciki. Ban san sunanta ba. Allah ya san shi.

Likitar mace ce, siririya, da tabarau. Ta dubi fuskar, ta ɗaga riga ta ga zanen cinya. Kafin ta tambayi zazzaɓi ta juyo wurina.

"Kaka, wane mai kuke shafa mata?"

Rahila ta faɗi sunansa. Likita ta rufe ido ta buɗe.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon bazara."

"Sau nawa a rana?"

"Bayan wanka," na ce.

"Sau nawa take wanka?"

Na fara ƙirgawa da yatsu. Da na kai na biyar ta kama hannuna ta sauke.

"Duk jiki?"

"Duk jiki. Mai ne."

"Har yanzu kuna shafawa?"

"An zubar. Makon jiya."

Ta juya ta yi wa nas magana da Turanci da sauri. Kowa ya fara gudu. Suka nemi jijiya a hannu, fata tana yagewa. Suka nema a ƙafa. A ƙarshe suka aske gefen kanta, a nan suka sa ƙarin ruwa. Aka yi allura. Aka kore mu waje.

Da yamma likitar ta zo ta zauna a bakin gadon. Ta ce abin da ke cikin man sunansa sitiroyid. Kalmar ta zauna mini, har yau ina iya faɗinta. Ta ce irin mai ƙarfin ne, wanda ko babba ba a ba shi ya shafa a fuska. Ta ce fatar yaro tana sha, ya shiga jini. Ta ce jikin mutum yana yin irin nasa kaɗan-kaɗan, shi ke riƙe mutum in ciwo ya zo. Da jikin Godiya ya ga ana zuba masa daga waje kullum, sai ya daina yin nasa. Da aka zubar da robar, na waje ya yanke, na ciki babu. Zazzaɓi ya zo ya same ta ba abin riƙewa.

"To ƙibar fa, likita?" in ji Rahila.

"Ba ƙiba ba ce. Ciwon ne."

Rahila ta cusa zani a baki.

Mun yi makonni a ɗakin yara. Uwa a kujerar roba kusa da gado, ni a tabarma a baranda tare da sauran kakanni. Komai sai ka saya: safar hannu, auduga, allura, har filasta. A ba ka takarda, ka bi layi, a ce babu a nan, je waje. Buhunan da Malam Sule ya ture, ya koma ya tattara ya sayar, ya kawo mini kuɗin a ƙulle. Makon farko ya cinye su. A na biyu matan zumunta suka yi karo-karo, su masu cewa oyibo ɗin nan. Na karɓa, na gode. A na uku Rahila ta sayar da wayarta. Gidan abinci kuma suka ɗauki wata a madadinta.

Lami ta sayar da akuyarta ta zo. Ta leƙa ta taga, ta dawo ta durƙusa a gabana a baranda.

"Mama, ni na kashe ta."

"Ba ta mutu ba. Tashi ki karɓi ƙanwarki ta je ta yi wanka."

Akwai nas da ta ce a gabanmu, "Ku 'yan ƙauye, sai kun kashe yaro ku kawo mana." Na ce, "Na kai ta asibiti tana tafiya da ƙafarta, aka ce taro." Ta ce ba asibitinsu ba ne. Na ce duk farin kaya ne. Akwai kuma wadda take zuwa da ruwan ɗumi a fulas daga gidanta, ta jiƙa zanin da ya manne wa fatar kafin a cire, tana yi wa yarinyar waƙa. Su biyun aiki ɗaya suke yi.

A mako na biyu zazzaɓi ya dawo. Aka ce ciwon marurun ne ya shiga jini. Aka canza allura zuwa mai tsada. Na tambayi likita ko za ta tashi. Ta ce, "Kaka, muna yin namu. Ku yi addu'a." Fasto ya zo ya yi. Yaron gadon da ke kusa da namu, wanda ya zo bayanmu, a zani aka naɗe shi aka fita da shi ta gabana. Na janye ƙafata aka wuce.

Tamu ta tashi. Wata rana da hantsi ina jiƙa mata leɓe da auduga ta buɗe ido ta ce, "Kaka." Ta kama audugar ta tsotsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, abin da ya kwantar da ita shi suka ci gaba da ba ta, na sha, suna ragewa kaɗan-kaɗan. Wai har jikinta ya tuna aikinsa.

Sai maganar ido. Aka tura mu wani ɗaki, wani layi. Likitan ido ya ce man da muke shafawa har fatar ido shi ya sa ruwa ya taru a ciki ya danne jijiya. Na dama an tare shi da magani na ɗigawa. Na hagu ya tafi. Haske da duhu kawai take gani da shi. Na ce zai dawo? Ya ce a'a. Na sake tambaya ta wata hanya. Amsa ɗaya.

Ranar sallama likitarmu ta ajiye abu biyu a kan gado: babbar roba, da ɗan abin matsawa. Ina ganin abin matsawar na ja baya.

"Wannan ba zai shiga gidana ba."

"Kaka, kircin yana nan. Zai tashi, zai kwanta, wataƙila har ta girma. In kin bar ta tana susa, fata ta fashe, cuta ta shiga, nan za ku dawo."

"Shi ya ci mata ido."

"Ba wannan ba. Wannan mara ƙarfi ne, na yara. Kuma ki daina ce masa mai. Magani ne."

Ta ɗaga robar. "Wannan shi ne mai. Ba komai a cikinsa. Shi ne na bayan wanka. Ko sau goma, daga goshi har ƙafa, yadda kika saba."

Ta ɗaga ƙaramin. "Wannan sau ɗaya a rana ya ishe ta. Ba ruwansa da yawan wanka. A kan wurin da ya tashi kawai, nesa da ido. Ba a haɗa shi da komai. In wurin ya kwanta, a ajiye. In mako ya wuce bai kwanta ba, ki kawo ta, kada ki ƙara. In ta yi zazzaɓi ko amai, kada ku jira, jikinta bai gama dawowa ba. Wankan ma a rage."

Ta kama yatsana, baƙi har cikin farce, ta matsa maganin daga kan yatsa zuwa gaɓar farko.

"Wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. To, faɗa mini in ji."

Ta sa na maimaita kamar yarinya a makarantar Lahadi. Na maimaita. Duk bayanin bai kai tsawon tafasar ruwa ba. Shi ne ban samu ba a benci, ban samu ba a kantar kemis.

Da muka koma gida na goya Godiya na je kemis. Na sauke ta na zaunar a kan kantarsa.

"Dokta, ka ce in zo in ba ka labari. Ga labarin."

Ya dubi idon. Ya dubi cinyar. Na faɗa masa abin da likita ta ce, har ƙirgen wankan. Ya gyara tsayuwa.

"Mama, ni na ce ki yi mata wanka sau biyar?"

"Ka tambaye ni sau nawa take wanka?"

Ya juya yana gyara kwalaye. A bayana akwai wata yarinya da jariri a goye, da robar man kaɗanya a hannu. Na juya na ce, "'Yata, dubi wannan da kyau kafin ki biya."

Ta duba. Ta ce, "Ayya. Allah ya ba ta lafiya, Mama." Ta miƙa kuɗinta ta gefena.

Kemis ɗin yana nan a buɗe. Shi ya sa na yarda a rubuta wannan.

Ku mata, in an ba ku abin shafa wa yaro, ku tambaya: mai ne ko magani? In an ce bayan wanka, ku ce sau nawa, a ina, har yaushe. In yaro ya yi ƙiba da haske a kan haɗi, kada ku yi murna. In kuma kun daɗe kuna shafawa, kada ku yi irin ta Lami. Ku ɗauki yaron da robar ku kai asibiti. Za a ce taro. Za a ce jibi. Ku koma. Benci ya fi baranda sauƙi, na zauna a duka biyun.

Na gode wa Allah. Na gode wa Malam Sule, da nas mai jiki, da mai fulas, da likitar da ta riƙe yatsana ba ta ji ƙyama ba. Na gode wa zumunta da Lami. Sauran, ban yafe ba tukuna. Fasto ya ce in yi ƙoƙari. Ina yi.

Kumburin ya sauka a hankali. Gashin goshi ya zube. Zanen cinya yana nan, an ce da shi za ta girma. Ta koma tafiya, tana karkata kai gefe ɗaya don ta ga hanya. Sa'o'inta sun fi ta tsawo. Kircin yakan tashi a bayan gwiwa. In ya tashi, sau ɗaya da safe, gaɓar yatsa. Maganin a saman ƙofa nake ajiye shi, robar mai kuma kusa da bokiti. Ba sa haɗuwa.

Ranar Lahadin da ta wuce wata daga cikin matan ta tare mu a ƙofar coci.

"Ayya, Mama Gawayi, Godiya ta lalace. Ta rame, ta yi baƙi. Da kamar 'yar Turawa."

Na ce, "Haka ubanta yake."

Jiya bayan wanka ina shafa mata mai, na gaske. Na sauko daga kumatu zuwa haɓa, yatsana ya faɗa rami. Na tsaya. Yarinyar ta karkato kai ta dube ni da idon da ya rage. Bulus ne. Na kira Rahila na ce ta zo ta gani. Ta zo, ta gani, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Ni na ƙarasa shafa man, har tsakanin yatsun ƙafa.